Abin da makaɗa suka ce kan icen ganga da fatarta

Da aka tambayi makaɗa da masassaƙa abin da ke sa ganga ta yi zaƙi, yawancinsu a kan ice suka fara tsayawa. Sun ce a nemi wanda ya bushe sarai, domin ɗanye yakan tsage ko ya murɗe idan hunturu ya shigo. Alilliba ba ta da nauyi, ga amo. Ƙirya kuwa akwai ƙarko, sai dai mai ratayawa zai ji a kafaɗarsa. Cikin kangon ma a sassaƙe shi sumul: mai faɗi da zurfi shi ke ba da babbar murya, siriri kuma ƙarama mai kaifi.

A kan fata ne aka ja zance. Kalangu sai fatar ɗan akuya marar kauri, wadda da an matse tsarkiya a hammata za ta sauya murya nan take. Tambari kuwa fatar sa yake so, don a jiyo shi daga nesa. Wasu sun fi son fatar roba saboda damina ba ta sa ta saki. Dattawan suka ce amonta a bushe yake, ni ma haka kunnena ke ji. Idan fata ta yi sanyi, a shanya ta a rana kaɗan, kada a kusanta ta da wuta sosai.