Wane Suna Ya Dace da Tsanin Alminiyam da Ake Ninkewa?

Masu aikin wutar lantarki da masu fenti da masu ɗaura farantan sola suna amfani da wani tsani na alminiyam wanda aka yi shi kashi 4, aka haɗa kowane kashi da na kusa da shi da mahaɗi mai kulle. Ana iya miƙe shi a jingina da bango, ana iya karya shi a tsakiya ya tsaya da ƙafafunsa, ana kuma iya lanƙwasa shi ya zama dandamalin tsayawa. Kalmar tsani kaɗai ba ta bambanta shi da na katako, don haka ya kamata mu tsayar masa da suna.

Aro daga Turanci zai ba mu "lada", wadda ta riga ta zama sakamakon aikin alheri a bakin kowa. "Tsani mai naɗewa" kuwa bai dace ba, domin tabarma da rawani ake naɗewa, kuma sunan ya fi cancanta da tsanin igiya. "Tsani mai ninkewa" ya fi kusa, sai dai yadda ake ajiye shi a bayan mota kawai yake bayyanawa.

Ni dai ina ganin a kira shi "tsani mai gaɓoɓi", saboda sunan yana kai hankalin mai hawa daidai inda haɗarin yake. Gaɓoɓin nan 6 ne, uku a kowane gefe, kuma idan ɗaya bai kulle ba, tsanin zai iya durƙushewa da mutum yana sama. Kafin a ɗora ƙafa, wajibi ne a ji ƙarar shigar kowane kulle, sannan a duba da ido, domin busasshen fenti ko siminti ko yashi yakan maƙale a ramin ya hana ƙarfen shiga sosai, alhali daga nesa kamar komai ya zauna. Maigidan da ya ce wa yaronsa "duba gaɓoɓin" ya ba shi umarnin da ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Sauran ƙa'idojin ba su bambanta da na kowane tsani ba. Idan an miƙe shi, a ja gindinsa mita 1 daga bango a kan kowace mita 4 ta tsayi. Wanda ya cika ma'aunin Turai na EN 131 yana ɗaukar kilo 150, wato mutum da kayan aikinsa gaba ɗaya. Alminiyam kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsa, saboda haka ba a kusantar waya mai wuta da shi.

Wani zai ce sunan ya yi tsawo, kuma da gaskiyarsa. A kasuwa za a taƙaita shi zuwa "mai gaɓa", kuma ban ga laifin hakan ba, tunda kalmar da ake buƙata tana nan.