Sabuwar dokar Medicaid a Amurka: wa za ta shafa, kuma me za a tanada?

Ɗan Zongo, Bronx:

Assalamu alaikum jama'a. Magana ta yi yawa a masallatai da zaurukan WhatsApp cewa daga 2027 duk wanda ba ya aiki za a cire shi daga Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wasu ma na cewa duk baƙo za a cire, har mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. Don Allah waɗanda suka san kan abin su warware mana zare da abawa. Yawancin mutanenmu a nan direbobin Uber ne, ko masu kai abinci, ko mata masu kitso da masu kula da tsofaffi a gida, ba kowa ke da takardar albashi ba. Yaya za su yi? Sannan matar da ke zaune a gida da yara, ita ma sai ta fita neman aiki?

Abu Hafsat:

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Zongo. Dokar gaskiya ce, Shugaba Trump ya sa mata hannu ranar 4 ga Yuli 2025, amma ba kowa ta hau kansa ba. Sharaɗin aikin ya shafi manya 'yan shekara 19 zuwa 64 waɗanda suka shiga Medicaid ta ƙofar faɗaɗawar da dokar Obama ta buɗe, wato waɗanda aka ɗauka saboda ƙarancin samu kawai, ba don ciki ko naƙasa ko tsufa ba. Jihohi 40 da birnin Washington ne suka yi wannan faɗaɗawar. Iyakar samun ita ce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya. A lissafin 2025 hakan ya kama dala 21,597 a shekara ga mutum ɗaya, kimanin 1,800 ke nan a wata, gida mai mutum huɗu kuma 44,367. Ana sabunta adadin kowace shekara.

Abin da ake nema awa 80 a wata, na aiki ko aikin sa kai ko shirin horon sana'a, kuma ana iya haɗa su su cika 80. Ɗalibin da ke ɗaukar aƙalla rabin darussan zango shi ma ya cika. Akwai kuma hanya ta biyu da mutane da yawa ba su ji ba: idan samunka na wata ya kai dala 580, ka cika sharaɗin ko da awanninka ba su kai ba. An samo 580 ɗin ne daga mafi ƙarancin albashin tarayya, dala 7.25, sau 80. A birnin New York, inda mafi ƙarancin albashi ya kai dala 17 a 2026, awa 35 a wata ta wadatar. Mai aikin da ke zuwa lokaci-lokaci kuwa ana duba matsakaicin samunsa na wata shida da suka wuce.

Kan matar gida: uwa ko uba ko mai riƙon yaro ɗan shekara 13 ko ƙasa da haka ba ya cikin sharaɗin. Haka mai kula da naƙasasshe, da mai ciki, da mai jego da ke cikin wa'adin kulawar bayan haihuwa, da makaho, da mai ciwo mai tsanani ko taɓin hankali mai hana aiki, da wanda ke shirin jinyar shaye-shaye, da wanda aka sako daga kurkuku cikin wata uku da suka wuce. Sai dai a lura da ranar haihuwar auta. Ranar da ya cika 14, wannan rangwamen ya ƙare.

Dole kowace jiha ta fara zuwa 1 ga Janairu 2027. Jiha na iya riga wannan rana, Nebraska ma ta zaɓi 1 ga Mayu 2026, kuma gwamnatin tarayya na iya ɗaga wa jihar da ta nuna tana ƙoƙari ƙafa, amma ba zai wuce ƙarshen 2028 ba. Don haka a dubi abin da jiharku ta sanar, kada a yi aiki da jita-jitar wata jiha.

Hajiya Mai Kitso, Greensboro:

Abu Hafsat ya yi bayani, Allah ya saka. Ni inda nake so a tsaya shi ne takardu, domin su ne za su kayar da mutane, ba zaman banza ba. Mutanenmu ai aiki suke yi har ya yi musu yawa.

An taɓa gwada wannan a Arkansas a 2018. Cikin 'yan watanni sama da mutum 18,000 suka rasa inshorarsu kafin wani alƙalin tarayya ya dakatar da shirin a Maris 2019. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna galibin waɗanda dokar ta shafa ko dai suna aikin ko suna cikin waɗanda aka yafe wa, kuma yawan masu aiki bai ƙaru ba. Da farko ta intanet kaɗai ake kai rahoto, shafin kuma rufewa yake da dare. Wasu ba su ma san da dokar ba sai da suka je karɓar magani. Haka aka sake gani bayan korona, lokacin da jihohi suka koma tantance kowa daga 2023: an cire sama da mutum miliyan 25, kuma kusan bakwai cikin goma ba wai an tabbatar ba su cancanta ba ne, fom ne bai koma ba ko wasiƙa ta tafi tsohon adireshi.

Doka ta ce jiha ta fara duba bayanan da take da su kafin ta tambaye ka komai. Mai aikin kamfani da ake ba W-2, wato takardar jimillar albashin shekara, albashinsa na cikin kwamfutar gwamnati, mai yiwuwa ya wuce ba tare da ya ɗaga yatsa ba. Haka mai kula da tsofaffi ta hannun kamfani. Direban Uber ko Lyft, da mai kai abinci, da mai kitso, da mai ɗinki, da mai sayar da abinci daga gida, su ne kwamfuta ba ta gani wata-wata. Su za a turo wa wasiƙa.

Ga direba da mai kai abinci: duk ƙarshen wata a shiga manhaja a sauke bayanin kuɗin da aka samu da awannin da aka yi, a adana a imel, a kuma buga kwafi. Kada a bari sai an tambaya, saboda idan kamfani ya rufe wa mutum asusu, fito da tsohon bayani wahala gare shi. A haɗa da takardar 1099, wadda kamfanin ke bayarwa kan kuɗin da ya biya ka a shekara, da takardar harajin bara. A kuma tuna cewa wajen mai sana'ar kansa, Medicaid riba take ƙirgawa bayan an cire kuɗin mai, hayar mota da gyara. Wanda ya karɓi 1,500 a manhaja, hayar mota da mai suka cinye 1,000, abin da ya rage masa bai kai 580 ba. Irin wannan, awanninsa ne za su cece shi, don haka a riƙe lissafin biyun.

Ga mai karɓar kuɗi a hannu: a sayi littafi ɗaya, kullum a rubuta kwanan wata, lokacin farawa da tashi, aikin da aka yi, da kuɗin da aka karɓa. Misali layi ɗaya: 6 ga wata, ƙarfe 10 zuwa 4, kai biyu, dala 160, an sayi gashi na 30. A riƙa zuba kuɗin a banki ko karɓa ta manhajar tura kuɗi ta Zelle don a samu shaidar da ta dace da littafin. Abin da aka rubuta wa Medicaid kuma ya zo ɗaya da abin da aka rubuta a takardar haraji. Idan suka sha bamban, nan tambayoyi ke farawa.

Mai aikin sa kai a masallaci ko islamiyya ko wurin rabon abinci, ya nemi kwamitin ya riƙa ba shi wasiƙa mai kan sarki duk wata, da sunansa, awanninsa, sa hannu da lambar wayar wanda za a iya kira.

Bakatsine, Columbus:

Hajiya, a ƙara da maganar tafiya gida, don ita ce ramin da ya fi kusa da mu. Daga ƙarshen Disamba 2026, waɗannan manyan za a riƙa sabunta musu duk wata shida, ba shekara-shekara ba. Idan jiha ba ta ga shaidar aiki ba, za ta aiko da sanarwa ta ba da kwana 30, kuma inshorar na aiki cikin kwanakin. Wanda ya tafi Kano ko Maraɗi ko Kumasi wata biyu, ko ya tafi Hajji ya zarce gida, sai ya dawo ya tarar kwana 30 sun wuce wasiƙa na cikin akwati. Kafin tafiya a duba watan sabuntawa a asusun intanet, a kunna sanarwa ta imel da saƙon waya, a kuma cike fom ɗin naɗa wakili, wanda zai ba wani amintacce ikon karɓar wasiƙu da amsawa a madadinka.

Akwai kuma watannin da ake waiwaya. Mai sabon nema sai ya nuna ya cika sharaɗin a watan da ya gabata, jiha kuma na da ikon neman har wata uku a jere. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya ba aiki, ba zai shiga nan take ba. Mai sabuntawa kuwa aƙalla wata ɗaya tsakanin sabuntawa biyu, wasu jihohin na iya neman fiye.

Idan an riga an cire mutum saboda fom bai koma ba, yana da kwana 90 ya mayar da shi a sake duba lamarinsa ba sai ya cike sabon nema ba. Yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, kuma idan ya shigar kafin ranar da wasiƙa ta ce za a yanke, a ƙa'ida inshorar na ci gaba har a saurare shi. Tafinta kyauta ne, a ce ana son mai jin Hausa.

Abu biyu masu zafi: wanda aka cire saboda sharaɗin aiki ba zai samu tallafin rage kuɗin inshorar kasuwa ta Obamacare ba. Sannan da, Medicaid na iya biyan kuɗin asibiti na wata uku kafin ranar nema. Daga Janairu 2027 ya koma wata ɗaya ga waɗannan manyan, wata biyu ga sauran. Wanda aka kwantar ba inshora, a cike masa nema tun yana kan gado, ma'aikatan walwala na asibitin suna yi.

Ɗan Zongo, Bronx:

Na gode ƙwarai. Saura batun baƙi, shi ya fi tayar wa mutane hankali.

Abu Hafsat:

Wannan sashe daban ne kuma ya riga sharaɗin aiki farawa, 1 ga Oktoba 2026. Daga ranar, kuɗin tarayya na cikakken Medicaid zai tsaya ga 'yan ƙasa, masu girin kad, wasu 'yan Kuba da Haiti, da 'yan wasu tsibiran tekun Pasifik da ke da yarjejeniya da Amurka. To ka ga mai girin kad ba a cire shi ba. Tsohon sharaɗin jiran shekara biyar dai yana nan yadda yake. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafakar siyasa amma ba su karɓi girin kad ba tukuna. Duk wanda ke wannan matsayi kuma ya cika shekara ɗaya, ya tuntuɓi lauyan shige da fice kan neman katin tun yanzu, don layin na da tsawo.

Yaron da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, matsayin iyayensa bai shafi inshorarsa ba. Jihohi da dama na ɗaukar yara da mata masu ciki da ke zaune bisa doka ba tare da jiran shekara biyar ba, kuma dokar ba ta taɓa wannan zaɓin ba. Medicaid na gaggawa, wanda ke biyan haihuwa da ciwon da zai iya kisa, shi ma yana nan.

Ku na New York lamarinku ya ɗan bambanta, domin tun 2001 babbar kotun jihar ta yanke cewa jiha ba za ta hana baƙin da ke zaune bisa doka Medicaid ɗinta ba, ko da kuɗinta za ta biya. Kada ɗan'uwa da ke Ohio ko North Carolina ya ɗauka haka abin yake a wajensa.

Hajiya Mai Kitso, Greensboro:

Ƙari kaɗan ga masu ciwo. Kada mai ciwon suga da ya taɓa ƙoda ko ido, ko mai sikila, ko mai ciwon daji ya zauna yana cewa ai sun sani. Jiha za ta duba bayanan asibiti da ke hannunta, amma wanda bai ga likita ba kwanan nan babu abin da za a gani. A je asibiti kafin lokaci, a roƙi likita ya rubuta sunan ciwon da yadda yake hana aiki, a riƙe kwafi. Mai jinyar uwa ko uba naƙasasshe a gida ita ma ta samu irin wannan wasiƙar daga likitan majinyacin, da sunanta a ciki a matsayin mai kula.

Kowace takarda aka tura, a ɗauki hotonta, a rubuta lambar shaidar karɓa da kwanan wata. Idan ta waya aka yi magana, a rubuta sunan ma'aikacin da lokacin. Biyan wani abu a wajen ganin likita, wanda zai iya kai dala 35 ga waɗanda samunsu ya haura ma'aunin talauci, sai Oktoba 2028 zai fara, kuma bai shafi likitan farko da cibiyoyin lafiya na unguwa da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba.