Kare mai dogon gashi in ya jiƙe: daga dusar Kanada zuwa taɓon Damagaram

Mai shago a Zango:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke karatu a Montreal ta ƙasar Kanada ne ya aiko ni da tambaya. Ɗakin da yake haya na wata tsohuwa ne, ta rage masa kuɗi a kan ya riƙa fita da karenta safe da yamma, don ƙafa ta hana ta yawo. Karen irin masu gashi buzu-buzu ne. Tun da dusar ƙanƙara ta fara zuba, in suka dawo sai ƙanƙara ta dunƙule masa a ƙafafu da ciki kamar curin fura, ya yi ta ɗingishi yana cizon ƙafa, gida kuma ya ɗauki wari. Ni karen gadi na sani, wanda in ruwa ya dake shi sai ya girgije ya nemi rana. Waɗanda suka zauna can, da masu riƙe irin waɗannan karnuka a nan gida, ku faɗa mana yadda kuke yi.

Ɗan Birni, direba a Montreal:
Wa alaikumus salam Yaya. Lokacin da nake ɗalibi na yi aiki a wurin da ake wanke karnuka ana yi musu aski, don haka na san wannan wahala. Ka ce wa yaron kada ya finciki curin nan da hannu. Zafin jikin kare ne ke narkar da dusar, sanyin waje ya sake daskarar da ita a jikin gashin, shi ya sa take kamawa tun daga gindin gashi, in ka ja da fata kake ja. Kafin su fita ya ajiye roba da ruwa mai ɗumi-ɗumi a bakin ƙofa, wanda in ya tsoma gwiwar hannu ba zai ji zafi ba. Suna dawowa ya tsoma ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, na ciki kuma ya jiƙa tsumma ya riƙa dannawa har ya saki. Ban da ruwan zafi sam. Ƙafar da sanyi ya kashe ba ta jin ƙuna sai ta riga ta ƙone.

Wankin ƙafar ma ya fi narkar da ƙanƙarar amfani. A nan dusar da ke zuba a shekara takan kai kusan mita 2, a Janairu kuma sanyi na kai-komo wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, saboda haka gishiri ake watsawa a tituna da hanyoyin masu ƙafa don kada a zame. Shi ne ke tsattsage tafin ƙafar kare. In ya lashe kuma ga amai ga zawo. Ɗingishin da ƙanenka ke gani, na fi zargin gishirin nan da ƙanƙarar da ke maƙalewa tsakanin yatsu.

Sai shanya. Yawancin karnukan sanyi gashi biyu gare su: dogo na waje, da wani mai laushi cunkushe a ƙasa. Na waje kan bushe ka ɗauka an gama, alhali na ƙasan sharkaf yake. Daga nan warin ke fitowa, daga nan kuma fata ke yin ja ta fara tsattsafo da ruwa, kare ya yi ta lasa har ta zama gyambo. Ya tura yatsu har fata a hammata, da cinya, da bayan kunne. In ya ji danshi, da sauran aiki. Tawul kuma a danna a matse, kada a cuɗa, cuɗawa ce ke sa gashi ya cukurkuɗe.

Hajiya daga Sabon Gari:
Ikon Allah! Mu nan muna leƙen titi ko ɗan garuwa zai wuce, su can har kare ana dafa wa ruwa. To amma ni ma ina da abin faɗa. Ɗana ya kawo wata 'yar ƙaramar karya mai gashi fari daga Kwatano, ya koma ya bar mini ita, jikoki suka hana a kyautar. A watan Agusta in ruwa ya sauka ta shiga taɓo, haka nake fama. Ba ni da na'urar busar da gashi, tsoffin zannuwa nake yankawa, auduga ta fi tsotse ruwa. In na goge ta sai in ɗaure ta a zaure inda iska ke ratsawa, a kan buhu. Ba na barin ta kwanta a jiƙaƙƙen yashi. Abin da ya fi taɓo wahala shi ne ƙarangiya da kaka. In ta cika gashin nan, sai in shafa ɗan man gyaɗa a wurin, in bi da mataji daga bakin gashi zuwa ciki a hankali. Wanda ya ƙi fita almakashi ne maganinsa.

Tsohon soja a Garin Malam:
Hajiya, kina wahalar da kanki. Na riƙe karen Jamus mai dogon gashi shekara da shekaru a gidana. Da bazara ta kama sai in sa a kwashe gashin tas, damina ta same shi babu abin da zai riƙe ruwa, kaska ma ana ganinta tun daga nesa. Ɗan Birni, me zai hana yaron ya yi haka a huta?

Ɗan Birni, direba a Montreal:
Baba, ranka ya daɗe, a wannan sanyin in aka aske kare an cire masa riga ke nan. Kuma ba nasa ba ne, tsohuwar za ta iya korarsa a kan haka. Iyakar abin da za a rage shi ne gashin da ya tsiro tsakanin yatsu, a daidaita shi da tafin ƙafa, sai ɗan gezar da ke bayan ƙafafu. Ko wannan ma sai da yardarta.

Ma'aikacin kiwo a Mirya:
Baba, da izininka, ko a nan ban goyi bayan askin ƙwal-ƙwal ba. An sha kawo mini karnukan da aka aske a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rana ta gasa musu baya, ƙuda ya samu wurin zama. Dogon gashin waje yana tare rana. Kuma wasu in an aske su gashin ba ya dawowa yadda yake, sai ya fito tsalli-tsalli. Abin da ke riƙe ruwa da zafi mataccen gashin ƙasa ne, shi ake tajewa a fitar. Karen da ake tajewa a kai a kai yana saurin bushewa, ko ƙanƙara ce ta jiƙa shi ko ruwan tabki.

Kunne kuma kada a manta. Masu faɗaɗɗun kunnuwa danshi na zama a ciki, sai ka ga kare na kaɗa kai yana sosa, kunnen na wari. A goge iya inda ido ke gani da busasshen ƙyalle, kada a tura tsinke. Zafin jikin kare lafiyayye tsakanin digiri 38 ne da 39. In ya dawo yana rawar ɗari ba ta tsaya ba bayan an goge shi, ko ya yi laushi ba ya son tashi, a lulluɓe shi a kai shi wurin likitan dabbobi. Bakin kunne da wutsiya da yatsu su ne sanyi ke fara ci. In wurin ya yi fari ko toka-toka ya yi tauri, a ɗumama da ruwa mai ɗumi, kada a murza.

Ni a ganina, shigo da karnukan ƙasashen sanyi garin nan ɗora wa dabba wahala ne. Ku dubi karen Azawak na Buzaye, gashinsa gajere, ciki a ɗame, minti kaɗan ya bushe. Amma wanda ya riga ya shigo hannunka amana ne.

Ma'aikaciyar jinya a Grenoble:
Ni 'yar Birni ce, aure ya kai ni Faransa, garinmu duwatsun Alf sun kewaye shi. Maƙwabciyata ce ta nuna mini wata dabara da muka fita da karenta: maburgin ƙarfe na kaɗa ƙwai. Ana bi da shi a kan gashin ƙafa da ciki tun a waje, curin ya riƙa faɗuwa, sai ruwan ɗumi ya ƙarasa saura. Kafin fita tana shafa masa wani man kakin zuma a tafin ƙafa da tsakanin yatsu, dusa ba ta kamawa sosai, gishiri ma ba ya ci. Da nata ya ƙare na ba ta man kaɗe da aka aiko mini daga gida, ya yi aikin. A shafa kaɗan dai, don zai lasa, kuma yana sa santsi a daɓe. Ana sayar da takalman karnuka, amma karenta da an sa masa sai ya tsaya ƙiƙam ya ƙi taku.

In zai yi amfani da na'urar busar da gashi, ya sa ta a mafi ƙarancin zafi, ya nisanta ta da jiki, yana motsa ta, ɗaya hannun a cikin gashin don ya ji abin da kare ke ji. Sannan ya kiyayi inda ake ajiye motoci. Ruwan da ake zuba wa inji don kada ya daskare yana da zaƙi, karnuka na lasa, kuma kaɗan ya isa ya kashe ƙoda. In ya ga ya lasa, asibitin dabbobi nan take, kada ya jira alama.

Malamin makarantar allo a Birni:
Na ga babu wanda ya taɓo zancen salla, kuma na san zai dami yaron. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa da guminsa, jiƙaƙƙen gashinsa ba ya ɓata tufa. Fitsari da kashi su ne najasa. Ƙwaryar da ya sa baki a ciki ana wanke ta sau 7 saboda hadisi. Shawarata ya ware riga ɗaya ta wannan aiki, ya ware robar kare daga kayan cin abincinsa, hankalinsa zai fi kwanciya.

Tsohon soja a Garin Malam:
Na ji ku. Na Kanada a bar masa rigarsa. Nawa kuwa ciki da hammata zan ci gaba da ragewa in damina ta kawo kai, don can kaska ke ɓuya. Malamin kiwo, wane irin mataji ne ke kaiwa gashin ƙasan, kuma ana samunsa a kasuwar Dole ko sai an aika Kano?