Corollata tana zubar da baƙin mai, an ce sai an sauke buwat

Mai Corolla, Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 1996, inji 4A-FE, da ita nake ɗaukar fasinja tsakanin Damagaram da Matamaye. Da can ɗigo take yi kaɗan-kaɗan, amma tun da zafin bazara ya shigo abin ya ƙazanta. In na cika mai da safe, kafin in je in dawo ya sauka ƙasan alamar sandar awo, kusan lita guda ke nan. Duk inda ta kwana sai ka tarar da ƙasa ta yi baƙi, galibi daidai mahaɗar inji da buwat ɗin giya. Jar fitilar mai kuma ta fara ƙyaftawa in na sha kwana. Wani makaniki ya leƙa ƙarƙashi ya ce juwan ɗin bayan inji ne, wato robar da ke hana mai fita ta can, sai an sauke buwat, ya yanka mini kuɗin da ya fi ƙarfina. Da motar nan nake ci da iyalina. Don Allah masana, in yarda ko da abin da zan fara dubawa?

Direban hanyar Tanut:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kafin komai ka ajiye motar nan. Injin bai ɗaukar mai sai lita uku da ɗoriya, ka ga lita guda ba ƙaramin giɓi ba ne. Fitilar da ke ƙyaftawa a kwana tana nuna man ya yi ƙasa har famfo yana zuƙar iska. In inji ya buga, kuɗin buwat zai zame maka wasan yara.

Tsohon makaniki, Sabon Gari:
Yaro, ka ji maganar direba. Ni kuma ga tawa: kada ka bari a kwance ko noti ɗaya sai an ga inda man yake fitowa da ido. Mai daga sama yake gangarowa, iskar tafiya kuma ta kora shi baya, shi ya sa duk wata yoyo takan taru a mahaɗar inji da buwat. Wurin ɗigo daban, wurin ɓula daban.

A irin injinka, delko, wato mai rarraba wa inji wuta, yana maƙale ne a gefen kan inji, daidai saman buwat. Akwai ƴar roba zagayayya a wuyansa. In ta tsufa, zafi ya busar da ita, man yakan zubo ya bi bayan inji, wanda ya leƙa daga ƙasa sai ya rantse juwan ɗin baya ne. Robar nan ba ta da tsada, canza ta kuma ba ya cin yini, sai dai a yi wa delko alama kafin a cire shi don kada wuta ta goce.

Ga yadda za ka yi. Ka bari inji ya huce, ka ɗaure delko da altanato da leda, a wanke injin fes har ƙarƙashi. In ya bushe ka barbaɗa hoda a kewayen murfin kan inji, da wuyan delko, da filta, da ɗan maɓallin da ke kunna jar fitilar mai, da bakin kwanon mai na ƙasa. Ka cika mai daidai alama, ka shimfiɗa kwali, ka tada ta ta yi zafi kana haskawa da tocila. Inda hoda ta fara jiƙewa a sama, nan ne. Ka yi hankali da fanka da bel, kada hannun riga ya kusance su.

Mai sayar da kayan gyara, kasuwar Dole:
Ka zuba mai mai kauri, 20W-50, ka haɗa da maganin toshe yoyo. Mutane da yawa na yin haka.

Tsohon makaniki, Sabon Gari:
Alhaji, ka yi haƙuri, a nan ba zan bi ka ba. 20W-50 ba laifi ga tsohon inji a zafin ƙasar nan, amma ba ya ɗinke robar da ta tsage. Maganin nan kuwa kumbura roba yake yi, ya iya da ɗan tsattsafo, bai iya da lita guda ba. Haka masu lafta silikon ko'ina: kwanon man wannan inji da ma da irin gam ɗin ake liƙe shi, amma siriri. In an cika shi, rarar takan gutsure ta faɗa ciki ta toshe rariyar famfon mai.

Malamar makaranta, Birni:
Baba, ni tawa ba ta ɗiga a ƙasa amma man yana raguwa. Shi ma yoyo ne?

Tsohon makaniki, Sabon Gari:
Ƴata, ki sa a duba salansa. Hayaƙi shuɗi na nufin injin yana ƙona man ne. In kuma kika ga ƙarƙashin murfin mai ya yi fari-fari kamar madara, ko ruwan radiyeta na raguwa, wannan maganar juwan ɗin kan inji ce, a kai ta gareji da wuri.

Mai Corolla, na manta abu guda mai muhimmanci. A saman murfin inji akwai ɗan bawul na numfashi, PCV, da tiyonsa. Ƙurar garin nan da jinkirin juyen mai sukan toshe shi. In ya toshe, iskar da ke cikin inji ta rasa mafita sai ta tura mai ta kowace roba, ka canza sabuwa ma ta sake yoyo. Ka cire shi ka girgiza, mai lafiya yana kacau-kacau. Ka kuma sunsuna man da ke kan kwali: na buwat yana da wari mai kaifi, ba irin na inji ba.

Mai Corolla, Garin Malam:
Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Mun wanke mun barbaɗa hodar. Maɓallin fitilar mai ne ke feso mai da zarar an taka totur, wuyan delko ma ya jiƙe, bawul ɗin kuma ko motsi ba ya yi. An canza duka ukun, kwali ya kwana a bushe. Sai dai da muka buɗe murfin bel mai haƙora na gaban inji, mun ga danshin mai a jikinsa.

Tsohon makaniki, Sabon Gari:
Madalla. Amma bel ɗin nan kada ka wanke shi ka mayar, mai yana cin roba, yana iya tsinke maka a tsakiyar daji da fasinja. A sa sabo, a canza juwan biyu na gaba tunda an riga an buɗe. Bayan haka ka fara gwada ta zuwa Mirya ka dawo, ka tsaya a wuri mai lebur, ka jira ƴan mintoci ka auna mai. In ƙasan buwat ya sake jiƙewa alhali sama a bushe take, ko kuloci ya fara sulɓi, to a lokacin ne za a yi maganar sauke buwat.