Fatalwa a labarin soyayyar Kirsimeti: gishiri ce ko shirme?

Anti: Jama'a, ku zo mu yi ta. Littattafan soyayyar Turawan nan na lokacin Kirsimeti nake nufi: tsohon gida a ƙauyen Ingila, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, baƙuwa ta maƙale da maigida mai fuskar shanu, sannan kullum dare ana jin takun sawu a bene. Ni dai na ce fatalwar nan cushe ce. Ina ruwan masoya da matattu ana tsakiyar biki?

Malam: Anti, a sassauta. Ba yau fatalwa ta fara zuwa musu Kirsimeti ba. A zamanin Sarauniya Biktoriya al'ada ce a kewaye murhu ranar jajibere ana ba da labaran ban tsoro. A Landan ƙarshen Disamba, ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika rana ta faɗi, ga sanyi, ga dogon dare. Ko a littafin A Christmas Carol da Charles Dickens ya fitar a 1843, fatalwowi huɗu ne suka ziyarci wani tsohon marowaci.

Anti: To Malam, marowacin aure ya je nema?

Auta: Ni ba wannan ne ciwona ba, Anti. Abin da ke ƙona min rai shi ne a hana ni barci, kyandir ya mutu da kansa, a ga mace da farin kaya a taga, can a babin ƙarshe a ce wai ɗan baffan maigidan ne ke razana su don ya cinye gado. Wallahi cuta ce. In an yi min alkawarin fatalwa a bangon littafi, a ba ni abata.

Malam: Wannan dabara ta tsufa, Auta. Da ita aka san marubuciya Ann Radcliffe tun wajen 1794: ta tsorata ki, daga baya ta warware miki komai.

Yaya: Ni kuwa ita na fi so. A littafin Jane Eyre, na 1847, dariyar da ake ji daga saman gida ba ta fatalwa ba ce, matar maigidan ce da ya kulle, kuma yana shirin auren Jane, tauraruwar littafin, ba tare da ya faɗa mata ba. Ana gaban limamin coci asiri ya tonu. Ku gaya min, wace fatalwa ce ta kai wannan tayar da hankali? Mai rai aka ɓoye fa.

Auta: Yaya, kin tsallake wuri ɗaya. A littafin dai, Jane tana uwa duniya ta ji muryar maigidan yana kiran sunanta, shi ya sa ta koma. Wa ya yi bayanin wannan?

Yaya: Sau ɗaya aka yi, shi ya sa ya yi armashi.

Anti: Yauwa, kin zo inda nake. A littattafan yanzu kullum fatalwar tana tafe, har ta zama 'yar aike: ita ce kulle su a ɗakin karatu, ita ce ajiye tsohuwar wasiƙa a ƙarƙashin matashi. Kakar gida ta mutu shekara ɗari amma ba ta bar haɗa aure ba. Mafi muni kuma, a ce saurayin ne da kansa mataccen.

Auta: Wannan ɗin ai shi ne mai sa kuka, Anti, don kin san ba za su taɓa zama tare ba.

Anti: Ke dai Auta. A gidanmu yarinya ta ce saurayinta sai tsakar dare yake ratso bango ya zo, ba kuka za a yi ba, mai ruƙiya za a kira.