Lambun saman dekin: ruwa na kwanciya, silin ya fara jiƙewa

Assalamu alaikum. Masana gini, a taimaka.

Rufin dekin ne a Unguwar Rimi, mita 6 da mita 4, aka yi masa lambu. Daga ƙasa: shimfiɗar kwalta ninki biyu, tsakuwa santimita 5, buhun algarara a matsayin abin tacewa, sai jar ƙasa da yashi da takin shanu santimita 15, ciyawa a kai.

Da rani lafiya lau, ɗakin ƙasa har sanyi yake. Amma tunda ruwan Agusta ya kankama, ruwa ke kwanciya a kusurwar gabas, kwana biyu bai janye ba. Ciyawar wurin ta koma ruwan ɗorawa, saiwarta na wari. Silin da ke ƙarƙashi ya yi tabo, fenti na ɓarewa.

Bututun magudana biyu, masu inci 3, laka ta toshe su. Na wanke, cikin mako guda suka sake cikewa. Ina zargin jar ƙasar ce ke ratsa buhun. Na ƙara kwalta a gindin katanga, tabon sai faɗi yake. Nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasar ma yana damuna sosai.

Ta yaya zan gano inda kwaltar ta huje ba tare da na kwashe ƙasar duka ba?