YouTube na tafiya lafiya amma ƙwallo sai maƙalewa, me ke jawo haka?

Na Gefen Ringim:
Salam jama'a, don Allah masu ilimin waya ku warware min. A ƙauyenmu sabis sai ka fito gindin darbejiyar bakin masallaci, amma a haka nake kallon tafsiri na awa guda a YouTube ba ko tsayawa. To wani app na ƙwallo da ƙanena ya sa min, jiya ana shirin buga fenariti abin nan ya hau juyawa yana ta juyawa, sai ihun ƴan gidan kallo na jiyo daga nesa. Waya ɗaya layi ɗaya fa.

Mai Cajin Kasuwa:
Wa alaikassalam yayana. Shi YouTube wayo gare shi, kowane bidiyo ya ajiye shi kala-kala tun daga 144p, wato mafi ƙarancin kwaliti, har sama, da ya ji sabis ya yi sanyi sai ya sauko da kai ƙasa shiru, hoton ya ɗan yi hazo amma ba zai tsaya ba, kuma yana ɗebo na gaba ya ajiye kafin ka iso, shi ne farin layin nan da ke gaban ja. Ƙwallo kuwa yanzu ake buga ta, me zai ɗebo? Su kuma ƙananan app ɗin nan da yawansu kwaliti ɗaya suke turowa, ko layinka ya ɗauka ko ya zauna. Kwalitin 720p na son saurin intanet kamar 2.5 Mbps, 360p ko 1 bai kai ba.

Malamin Firamare:
Ƙari a kan na Mai Caji, akwai nisa. Google da Netflix suna ajiye sabobinsu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bidiyo, a cikin kamfanonin layi, bidiyon da ake yawan kallo yana nan kusa. Na app ɗin ƙwallon kuwa wataƙila daga Turai yake tasowa, ya biyo wayar ƙarƙashin teku zuwa Legas sannan ya hauro Arewa. Ku tuna Maris ɗin 2024 da wayoyin suka tsinke ta wajen Kwaddibuwa yadda intanet ta koma.

Ɗan Gumel:
Malam ka manta ƙarfen sabis ɗaya ne duk gari, bayan isha'i kowa ya hau. Gwada da asuba ka sha mamaki.

Na Gefen Ringim:
Hhh Ɗan Gumel wa zai buga min ƙwallo da asuba? Na gode Malam, na duba app ɗin babu ma wajen rage kwalitin, ranar Asabar gidan kallo zan koma.